Zafi tsakanin silin da kwano: shin in buɗe ramukan iskar da na toshe?

Ɗan Karkada ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida iyaye da yayye da ke wannan zaure, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin harkar gini. Ina da matsala a gidana da ke unguwar Karkada a nan Damagaram, kuma ina neman shawara tun kafin bazara ta kankama, domin wahalar da muka sha bara ba na fatan iyalina su sake shan irinta.

Gidan na bulo da siminti ne, ɗaki biyu da falo, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 9. Rufin kwano ne mai gangara ɗaya, ya tashi daga bangon arewa ya gangaro kudu wajen tsakar gida, kuma an ɗaura rawani a ɓangarori uku yadda ba a ganin kwanon daga waje. A ƙarƙashinsa akwai silin na katako siriri. Tazarar da ke tsakanin silin da kwano ta kai kamar santimita 80 ta arewa, ta kudu kuwa ba ta wuce 40 ba. Lokacin da aka yi ginin, magini ya saka gajerun bututun roba guda shida a bango, uku ta arewa uku ta kudu, faɗin bakin kowane santimita 10, ya ce na shan iskar silin ne.

Shekara biyu da suka wuce jemagu suka mayar da wurin gidansu. Da magariba sai ka ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga bakin bututun, wari ya cika falo, kashinsu ya yi wa silin tabo baƙi a kusurwa biyu. Ga ƙurar hunturu kuma, wadda take zubowa ta tsagar silin a kan gado da kwanukan maiɗakina. Da abin ya ishe ni sai na kira yaro ya cika bututun shidan da siminti. Jemagu sun ragu, ƙura ma ta ragu, amma ashe an gudu ne ba a tsira ba.

A watan Afrilu da Mayu na bara, idan na hau kujera na dafa silin da la'asar, ba na iya barin tafin hannuna a kai na tsawon lokaci. Fanka tana juyawa amma iska mai zafi take sauko mana da ita. Har bayan sha biyun dare ɗaki bai huce ba. Mu da yara muna iya shimfiɗa a tsakar gida, amma mahaifiyata ta tsufa, tana fama da hawan jini, ba ta son kwanan waje, kuma ganin yadda take kwana tana fifita da mafici idan an ɗauke wuta shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Na kuma lura silin ya fara lanƙwasa kusa da ƙwan lantarkin falo.

Shin toshewar da na yi ce ta jawo wannan zafi, ko kuwa dama haka rufin kwano yake? Idan na buɗe ramukan, ta yaya zan hana jemagu da ƙura dawowa? Wani abokina ya ce in sayi ƙarfen nan mai juyawa da ake ɗorawa a saman manyan ɗakunan ajiya, ya ce shi kaɗai zai zuƙe zafin. Ba na son in kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi amfani ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Magini na Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya, ya ba ka ladan kula da ita. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa masa.

Na fara gini da laka tun kafin kwano ya cika garin nan, saboda haka bari in fara daga can. Soron da iyayenmu suka gina a Birni, ana jera azara, a shimfiɗa zana ko kara, sannan a ɗora laka mai kauri a daddaɓe. Rana takan yini tana dukan wannan laka, amma kafin zafin ya ratsa ta ya iso ciki yamma ta yi. Shi ya sa har gobe idan ka shiga tsohon zaure da azahar sai ka ji kamar an yayyafa ruwa. Kwano kuwa ba shi da kauri ko na farce. Da hantsi ya yi ya ɗauki zafi, kuma nan take yake miƙa shi ga abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya rufa kwano ya sa silin ya yi ɗaki na biyu a saman ɗakinsa, idan kuma ɗakin nan na sama ba shi da ƙofa, to tanda ce aka kifa a kan mutane.

Toshewar da ka yi ta ƙara maka zafi, wannan babu shakka. Amma in gaya maka gaskiya, bututun nan shida ko da suna buɗe ba su isa ba. Mu magina mun saba saka su ne don ido ya gani, mai gida ya ce an bar iska, alhali abin da ke wucewa ta cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ka dubi ɗakin girki: idan ƙofa kaɗai gare shi hayaƙi yakan tsaya yana kewaya, amma da zarar an huda taga a sama ta ɗaya ɓangaren sai ka ga hayaƙin ya miƙe ya bi ta can. Iska mai zafi sama take nema. Dole a yi mata mafita a wuri mafi tsayi, a kuma yi wa sabuwa mashiga a wuri mafi ƙasa. Ɗaya ba ta aiki sai da ɗaya.

Gidanka ya yi sa'ar fuska. Ka buɗe mashiga a bangon kudu, inda kwano ya sauko, ka buɗe mafita a bangon arewa, dab da ƙarƙashin kwano gwargwadon yadda zai yiwu. A ƙarshen bazara iskar da ke kaɗawa daga kudu maso yamma take zuwa, za ta tura ta kudu ta fita ta arewa. Kowane rami a cire bulo guda cikakke, a maye gurbinsa da bulo mai huji wanda leɓensa ya karkata waje, domin ruwan da ya faɗa ya gangara ƙasa kada ya shiga.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, kada ka huda bangon gabas ko da rami ɗaya. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san daga gabas hadari yake tasowa, da jar ƙura a gabansa da ruwa a kwance a bayansa, shi ya sa bangon gabas ne kullum yake fara zaizayewa a gidan laka. Na biyu, kada mai aikin ya taɓa ɗaurin kankaren da ya zagaye ginin a sama. Na ga inda aka fasa shi don neman iska, aka yanke rodi, damina biyu bango ya tsage daga sama har taga. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. A yi ramukan a layin bulon da ke saman kankaren.

Kuma tun da za a bai wa iska hanya, a duba ɗaurin rufin. Iskar hadari idan ta shiga ƙarƙashin kwano tana tura shi sama ne. A tabbata katako ko ƙarfen da ke ɗauke da kwanon an ɗaure shi da rodi a cikin kankare, a ƙara ƙusa ko ƙugiya a layin bakin kwano, domin daga baki iska take fara ɓamɓara. A gama wannan kafin watan Yuni.

Malamin Fasaha ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba magini ya riga ya faɗi tushen magana, kuma ba ni da abin da zan rage a ciki. Zan ƙara lissafi, sannan in ja hankalin Malam mai tambaya zuwa ga wani ɓangare da iska kaɗai ba za ta magance ba, domin ina tsoron ya yi ramuka ya ga sauƙin bai kai yadda ya zata ba, ya ce shawarar banza aka ba shi.

Ƙa'idar da aka fi yawan aiki da ita, wadda ke cikin dokokin ginin gidaje na Amurka, ita ce a bar buɗaɗɗen wuri kashi 1 cikin 150 na faɗin silin. An tsara ta ne galibi saboda danshi a ƙasashen sanyi, don haka a wurinmu ƙaramin ma'auni ce, wuce ta ya fi gaza mata. Gidanka mita 10 sau 9, wato murabba'in mita 90. Idan aka raba da 150 za a sami murabba'in santimita 6,000 na rami. Bututu mai faɗin baki santimita 10 bai kai murabba'in santimita 80 ba, shida ɗin gaba ɗaya ba su cika 500 ba. Wato ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ake bukata ba ka da shi tun farko, sai ka jera irinsu fiye da 70 kafin ka kai. Gurbin bulo guda kuwa, mai santimita 40 da 20, yana ba da 800, amma leɓen bulo mai huji da ragar da za a sa za su cinye kusan rabi. Saboda haka ka lissafa 400 a kowane gurbi, ka yi takwas ta kudu, takwas ta arewa, a rarraba su a tsawon bangon yadda kowane ɗaki zai samu. Idan akwai bangon tsakiya da ya hau har ya taɓa kwano, shi ma a huda shi, in ba haka ba iskar za ta tsaya a rabin hanya.

Yanzu ga ɓangare na biyu. Ka tuna lokacin da ka tsaya gaban mai tsire da dare a cikin hunturu. Iska mai sanyi tana kaɗawa tsakaninka da wutar, amma fuskarka tana jin huci. Wannan huci ba iska ce take kawo shi ba, kai tsaye yake tsallakowa daga garwashi zuwa fata. Haka kwano yake yi wa silin. A ranar da ma'auni ya nuna digiri 40 a inuwa, abin da ba baƙo ba ne a Damagaram a Afrilu da Mayu, tsohon kwano mai tsatsa yana iya kaiwa digiri 70. Yana tsaye a kan silin kamar garwashi, kuma mafi yawan zafin da ke sauka ta wannan hanya yake sauka. Ramuka za su fitar da iskar da ta gasu, su kuma taimaka wa rufin ya huce da wuri bayan faɗuwar rana, wanda shi ne zai taimaki Hajiya da dare. Amma ba za su taɓa sa cikin silin ya fi waje sanyi ba, kuma ba za su tare hucin ba.

Abin da ke tare huci iri uku ne, kuma zan jera su ne bisa sauƙin kuɗi. Mafi sauƙi shi ne a shafe saman kwano da farin fenti, bayan an goge tsatsa an wanke. Fari yana mayar da mafi yawan hasken rana, zafin da kwanon zai ɗauka ya miƙa sai ya ragu sosai. Wanda yake shakka ya ajiye guntun kwano biyu a rana, ɗaya da fenti ɗaya babu, ya dafa su da azahar. Sai takardar alminiyam mai ƙyalli, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano. Ita ba ta fitar da huci sai kaɗan ƙwarai, amma da sharaɗi: dole fuskarta mai ƙyalli ta kalli fili, kada ta manne da wani abu, kuma kada ƙura ta rufe ta. Wannan ya sa a garinmu kuskure ne a shimfiɗa ta a kan silin tana kallon sama, domin hunturu ɗaya ya isa ya binne ƙyallin. A ɗaure ta a jikin katakon rufi tana kallon ƙasa, a bar ɗan fili tsakaninta da kwano. Na uku shi ne audugar gilashi da ake shimfiɗawa a kan silin, mai kaurin santimita 5 ko 10. Tana aiki sosai, sai dai tsada, kuma mai shimfiɗa ta ya rufe hannu da hanci domin tana ƙaiƙayi. A kula kada ta toshe ramukan kudu inda wurin yake a matse.

Game da ƙarfe mai juyawa da abokinka ya ambata, yana aiki idan akwai iska kuma akwai mashiga a ƙasa. Idan babu mashiga, zai riƙa jan iska daga ɗakunanku ta tsagar silin. Sannan sai an huda kwano kafin a ɗora shi, kuma rufi mai ƙaramar gangara irin naka kowace huda ƙofar yoyo ce. Ƙura kuma tana shiga inda yake juyawa har ya fara ƙara ko ya tsaya. Ni a ganina ka ajiye wannan kuɗi ka sayi fenti.

Ga mai shirin sabon gini, ya nemi hotunan makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda mai zanen gine-gine Francis Kéré ya zana aka kammala a 2001. Ya yi silin da tubalin laka, ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa ya bar tsakaninsu a buɗe ta ko'ina, kwanon ya zama laima kawai. Aikin ya sami kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022. Laka a ƙasa, kwano a sama, iska a tsakani: ilimin su Baba ne aka haɗa da kwano, kuma yanayin can bai yi nisa da namu ba.

Uwargida daga Garin Malam ta amsa:

Salamu alaikum. Ni ba magina ba ce, amma maganar jemagu da ƙura na san ta a gidana, kuma mu mata ne muke share abin da ya zubo. Ƙanena, kada ka ji tsoron buɗe ramukan, raga ce maganin. Sai dai akwai raga akwai raga.

Da farko mun sa ragar sauro ta roba, irin ta taga. Kafin hunturu ya fita ƙura ta like idanunta gaba ɗaya, ta zama kamar an manna tsumma, rana kuma ta cinye ta har yatsa yana huda ta. Daga baya muka canza zuwa ragar ƙarfe mai ido kamar rabin santimita, wadda ba ta tsatsa. Jemage ba ya wucewa, tsuntsu da ɓera da babban ƙadangare ma haka, kuma ƙura ba ta toshe ta da sauri. Maigidana ya sa an yi wa kowace raga firam an ɗaure da ƙusa mai murɗi, duk ƙarshen hunturu yaro yana hawa tsani ya goge su da tsintsiya.

Ka ce jemagu sun ragu, ba ka ce sun ƙare ba, wannan ya nuna suna da wata hanya. Ka tsaya a tsakar gida da magariba, wani ya tsaya ta bayan gida, ku kalli bakin kwano. A gidanmu ta ƙarƙashin tudun kwanon suke shiga, inda ya hau kan bango, wurin da ɗan yatsa kawai zai shiga. Tsaga mai faɗin santimita ɗaya da ɗan kai ta ishe su. Kada a toshe da rana suna ciki, za su mutu a can, warin kuwa sai ya kore ku daga ɗakin. A bari su fita kiwo bayan magariba sannan a toshe, a kuma fara leƙawa da fitila a tabbata babu ƴaƴan da ba su fara tashi ba.

Wanda zai kwashe kashin ya ɗaure hanci da baki da takunkumi mai kyau, ya yayyafa ruwa kaɗan kafin ya share, domin ƙurar busasshen kashin jemage tana iya sa ciwon huhu. A fitar da Hajiya da yara daga ɗakunan a ranar.

Ƙura kuwa za ta shiga saman silin, wannan babu makawa a garin nan. Abin da ya rage gare ka shi ne kada ta sauko. Mun sa kafinta ya bi duk mahaɗar silin da siririn katako, ya cike gefen bango da kewayen fanka da ƙwai. Tun daga nan na daina tarar da jar ƙasa a kan zanin gado.

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari, ya amsa:

Malam, maganar da ka yi cewa silin ya lanƙwasa kusa da ƙwan lantarki ita ce ta sa na kasa wucewa. Zafin kwano yana lanƙwasa silin ko'ina, amma idan wuri ɗaya ne kuma kusa da waya, to a duba mahaɗar wayar kafin komai. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure har digiri 70. Idan wurin da take kwance ya riga ya yi zafi, ga kuma zafin wutar da take ɗauke da ita, robar takan bushe ta farfashe, salatif ɗin da aka naɗe mahaɗa da shi ya saki. Na sha hawa silin na tarar da jan ƙarfe tsirara a kan busasshen katako. Ka sa a zura wayoyin cikin bututu, kowace mahaɗa a sa ta cikin akwatinta mai murfi.

Ina kuma gargaɗi game da farin soso mai sauƙi, irin wanda ake samu cikin kwalin firiji, domin na ga wasu suna shimfiɗa shi a kan silin don tare zafi. Yana tarewa, amma yana kama wuta da sauri, yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa kuma guba ne. Kara da zana ma kada a tara su a wurin. Duk wanda zai hau ya kashe wuta daga mita, ya hau bayan sallar asuba kafin kwano ya ɗau zafi, ya taka katako kawai, kuma a sami mutum a ƙasa yana jiransa.

Tsohon Magini na Birni ya ƙara:

Malam mai lissafi, Allah ya ƙara ilimi, yau na san adadin abin da hannuna ya daɗe yana yi da kintace. Gyara ɗaya zan yi a kan fenti. Farin kwano a Damagaram ba ya daɗewa yana fari, hunturu yana mayar da shi ja, kuma ruwan da za a wanke rufi da shi ba kowane gida ke da shi ba a bazara, kowa ya san halin ruwa a garin nan. Saboda haka a shafa shi yanzu da ƙura ta lafa, kuma idan shekara ta zagayo a share shi da tsintsiya mai laushi a busashe. Farar ƙasa ta fi araha, tana kuma aiki, sai dai damina tana wanke ta, duk shekara sai an sake.

Ɗan Karkada ya dawo:

Iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na jinkirta amsa ne don in fara aikin tukuna.

Ranar Asabar bayan asuba na kashe mita, muka hau da mai gyaran wuta na unguwarmu. Abin da Malam na Sabon Gari ya faɗa shi muka tarar: a saman ƙwan falo salatif ya saki, robar waya ta yi baƙi tana marmashewa a hannu, katakon da ke ƙarƙashinta ya yi tabon ƙuna kamar faɗin tafin yaro. Na daɗe a durƙushe ina kallon wurin, domin ɗakin mahaifiyata yana jikin falon. An canza wayar a ranar, an sa akwati.

Yaya ta Garin Malam, hanyar jemagun ma mun gano ta, a kusurwar kudu maso yamma inda kwano ya hau bango, kuma mun toshe bayan sun fita. Mun kuma ga bangon da ya raba falo da ɗakuna ya hau har kwano, don haka shi ma za a huda shi. Magini ya riga ya cire bulo takwas ta arewa a saman kankaren, gobe zai koma kudu. Ko da rabin aikin, da na ɗaura zare a bakin rami ɗaya da azahar na ga yana kaɗawa waje, kuma iskar da ke fitowa tana da zafi kamar ta bakin tanda. Ta kudu ya ce gurbi bakwai kawai zai samu saboda inda katakon rufi ya zauna, na ce ya yi bakwai ɗin, kada ya matsa wa katako.

Kuɗin da ke hannuna zai kai ga raga da fenti, takardar alminiyam kuwa sai an cire kwano kafin ta shiga ta ɓangaren kudu, don haka na bar ta sai lokacin da zan sake rufi. Audugar gilashi zan saya daidai ɗaki ɗaya, mita 4 da 4, a shimfiɗa a saman ɗakin Hajiya kafin azahar ɗin Afrilu ta iso.